Littafin bashi a gajimare: yadda wani dilan taki a Katsina ya mayar da lissafinsa kan intanet, 2021 zuwa 2025

Asalin lamarin

Kamfanin na wani Alhaji ne da ke sayar da kayan noma a cikin birnin Katsina: takin kamfa da yuriya da sufa, irin masara da na shinkafa, maganin ciyawa da na ƙwari, da injinan feshi na goyo. Ofis da babban sito suna Katsina, akwai reshe a Funtua, akwai wani ƙarami a Daura. Ma'aikatan dindindin ba su kai 30 ba. Ni nake duba musu lissafi duk ƙarshen shekara tun kafin wannan al'amari, saboda haka wani abin a takarda na gan shi, wani kuma ina wurin aka yi. Na sakaya sunan kamfanin da na mutanensa da na waɗanda suka yi musu aiki.

Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cinikin shekara a wata huɗu ake yin sa, daga Mayu zuwa Agusta. Ruwa yana riga sauka a Funtua kafin Daura, don haka kaya sukan fara tafiya kudu, sannan a juyo da abin da ya rage arewa. Mafi yawan kayan kuma ba da kuɗi hannu suke fita ba. Ƙananan diloli na kasuwannin ƙauye su ɗauka bashi, su ma su ba manoma bashi, sai kaka a biya. Jarin Alhaji na gaskiya, a tsakiyar damina, ba a sito yake ba. Yana cikin littafin bashi.

Wannan littafi yana zaune ne cikin kwamfuta guda ɗaya a ƙarƙashin teburin kashiya, wadda kowa ke kira babbar kwamfuta, da wata manhajar lissafi da aka saya shekaru da dama baya. Rassan biyu da biro suke rubutu. Da yamma manaja ya ɗauki hoton shafin ranar ya turo ta WhatsApp, washegari wani magatakarda ya zauna ya shigar. A lokacin rani lissafin yakan makara da kwana ɗaya, da damina har mako. Kwafin ajiya kuwa yana kan wani filashi a aljihun teburin manaja, ana sabunta shi ranar da aka tuna.

Yuni 2021: daren da kwamfutar ta ƙone

Cikin mako na biyu na Yuni aka yi hadari da tsawa da dare. Da safe da aka buɗe ofis warin ƙonewa aka fara ji. An kai kwamfutar wurin mai gyara a Katsina, daga nan aka wuce da ma'adanarta Kano, ba a ciro komai ba. Da aka sa filashi, kwafin ƙarshe na watan Fabrairu ne. Lissafin wata huɗu ya tafi, har da makonnin da aka fi fitar da kaya.

Kwana 19 aka yi ana tattara abin da za a iya. Na Funtua da Daura ya zo da sauƙi, domin littattafansu na nan, hotunan kuma na cikin wayoyi. Katsina ce ta sha wuya, ita da ake ganin ta ci gaba, saboda kai tsaye take shigar da ciniki a kwamfuta, sai kwafin rasit na kabon da aka tara a kwalaye, wasu sun dushe, wasu babu su. A ƙarshe aka rage da diloli 11 da lissafinsu bai daidaita da na ofis ba.

Ina zaune aka shigo da ɗaya daga cikinsu, dattijo daga wajen Mashi. Ya ce ya biya rabin bashinsa a watan Afrilu, hannu da hannu, rasit ɗin kuma ya ɓata. Alhaji ya dube shi ya ce, "Malam, shekara nawa muna tare? Na yarda. A rubuta yadda ya ce." Bayan mutumin ya fita sai ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ba kuɗin ke damuna ba. Yanzu na fara zargin mutanen da ban taɓa zargi ba, su ma sun san ina zarginsu." Duk 11 ɗin maganarsu aka ɗauka.

Agusta 2021: yunƙurin farko

Wani matashi, ɗan abokin Alhaji, wanda bai daɗe da gama karatun kwamfuta ba, shi ya kawo shawarar gajimare. Abin da ake nufi da gajimare bai wuce haya ba: maimakon kwamfutarka ta zauna a ofishinka, sai ka kama hayar wani yanki na kwamfutocin wani babban kamfani, waɗanda ke jibge a gine-gine masu sanyi da wutar da ba ta yankewa, kai kuma ka riƙa shiga ta intanet. Manyan masu wannan sana'a su ne irin su Amazon da Microsoft da Google, akwai kuma ƙanana da yawa.

Cikin mako guda ya gama. Ya kama hayar kwamfuta a wata cibiya a Turai a kan dala 90 a wata, lokacin dala tana ɗan sama da naira 500 a kasuwar canji. Ya ɗora tsohuwar manhajar a kanta yadda take, ya koya wa rassan uku yadda za su riƙa leƙa fuskar waccan kwamfuta daga tasu. Tsoron tsawa da gobara ya kau, kuma a karon farko Alhaji ya ga cinikin Daura a ranar da aka yi shi.

Matsala ta farko nauyi ce. Duk harafin da kashiya ya danna sai ya bi layi daga Katsina zuwa Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan amsa ta dawo. Idan sabis ya yi rauni sai allo ya daskare, kwastoma na tsaye, direba na hon a waje. Rasit da a da ake bugawa nan take ya koma cin minti biyu ko uku. Ba a jima ba yaran suka koma rubutawa a takarda da rana, su shigar da dare. Kalmar sirri kuma guda ɗaya ce ga kowa, an rubuta ta an manna a jikin bango, don haka idan aka sauya wani adadi ba a san hannun wa ba ne.

Satumba zuwa Disamba 2021: Funtua ba sabis

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Funtua da Bakori da Malumfashi na ciki. Tsarin da aka kafa ba ya yin komai idan babu intanet, ko duba bashin mutum ɗaya ba a iyawa. Reshen da ya fi kowane ciniki ya wayi gari ba shi da lissafi, ga kaka ta kawo jiki, lokacin karɓar kuɗi.

Manajan Funtua ya sayo sabon babban littafi ya koma biro. Duk mako sai ya ɗauko shi ya yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Katsina, a hanyar da ba kowa ke son bi ba a lokacin, a shigar da abin da ya rubuta, a buga masa jerin masu bashi ya koma da shi. Haka aka yi har zuwa Disamba da aka fara buɗe layukan. Ba a rasa lissafi ba a wannan karon, amma abin da ya riƙe reshen wata uku littafi ne da motar haya.

Oktoba 2022: asusun da ba na mai shi ba

A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya biya a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya. Katin kamfanin ya daina biyan haya. Matashin ya samo wani abokinsa mai katin dala, ana tura masa naira yana biya. A watan Oktoba katin abokin ya ƙi, saƙonnin gargaɗi kuma suna zuwa imel ɗin matashin, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa a kudu, yana sansani. Ranar wata Litinin aka zo shiga, ƙofa a rufe.

A nan ne aka gane cewa asusun gaba ɗaya da sunan yaron aka buɗe shi, da imel ɗinsa, lambar tabbatarwa ma wayarsa take zuwa. Ba da wata manufa ya yi ba, abin da ya fi sauri ya yi. Kwana huɗu kafin a same shi, a biya, a buɗe. Cikin kwanakin nan diloli suna zuwa da kuɗin kaka ana karɓa ana ba su rasit na hannu, ba a iya gaya wa mutum saura nawa.

Alhaji ya ce a sayo sabuwar kwamfuta a dawo da komai ƙarƙashin tebur, aƙalla yana ganinta da idonsa. Manajan Funtua ne ya tare shi: "Ranka ya daɗe, wadda ka gani da idonka ita ta ƙone. Ni abin da nike so shi ne wanda zai yi aiki a hannuna ko da sabis ko babu, in sabis ya zo ya kai maka labari." A kan wannan magana aka tsaya.

Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: yunƙuri na biyu

Wannan karon aka zaɓi rani, lokacin da ciniki ya lafa, kuma ba a fara da sayen komai ba. An ga manhajoji uku. Ɗaya ta fi kyan fuska amma ita ma sai da intanet, aka ajiye ta. Aka ɗauki ta wani kamfani na Legas wadda ke aiki a wayar Android da kwamfuta, tana ajiye cinikin a cikin na'urar, in ta samu sabis ta tura shi gajimare ta kuma jawo na sauran rassa. Kuɗinta da naira ake biya, shekara-shekara. An buɗe asusun da imel na kamfani, da layin waya da ke hannun Alhaji, aka sa babban ɗansa a matsayin na biyu. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa.

Aikin da ya ci lokaci shi ne wanke tsohon lissafi, kuma shi ne wanda ba wanda ya zata. A jerin kwastomomi akwai sunaye 1,312. Da aka zauna da manajojin uku ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, sai ga mutum guda an rubuta shi sau uku: da sunansa na yanka, da laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa, da sunan garinsu. Wani ya rasu tun shekara biyu, ɗansa ke ɗaukar kaya da sunansa. Aka tashi da mutum 870, kowa da lambar wayarsa. Kaya ma haka: maganin ciyawa iri ɗaya, Katsina na ƙirga shi da kwali, Daura da kwalba, shi ya sa ƙidayar sito ba ta taɓa daidaita ba, shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan yaran sito. Mako biyar wannan aiki ya ci. Na zauna a uku daga cikin zaman, kuma har yau ina jin nauyin yaran da aka riƙa yi wa kallon ɓarayi a kan kuskuren awo.

Sai maganar sirri. Akwai bashin da Alhaji ke ba 'yan uwa da surukai da wasu malamai, akwai wanda yakan yafe ba tare da kowa ya ji ba. Bai yarda yaron kanti ya buɗe waya ya ga abin da ake bin wani dattijo ba, kuma da gaskiyarsa. Aka tsara matakai: mai sayarwa yana ganin kaya da farashi, manaja yana ganin masu bashin reshensa kawai, wani rukuni kuma daga Alhaji sai ɗansa. Bayan 'yan watanni, a Yunin 2023, aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su. Kafin dokar ta zo, kunya ta riga ta sa an yi rabin aikin.

Mai kula da siton Katsina, dattijo da ya haura shekara 20 a wurin, ya ƙi taɓa wayar har mako biyu. Kowa ya ɗauka tsoron na'ura ne. Da ɗan Alhaji ya zauna da shi ya ce, "Baba, mi ne ne matsalar?" sai ya buɗe littafinsa ya nuna masa gefen shafi. Nan yake rubuta buhun da ya yage aka sake ɗurawa, da wanda ya jiƙe aka karya farashinsa, da buhu 10 da aka ara wa dilan maƙwabta za a mayar ranar kasuwa. Manhajar ba ta san aro ba, ba ta san yagewa ba, abu biyu ta sani, an saya ko an sayar. Ya ce in ya shigar da ƙarya, ranar ƙidaya shi za a tuhuma. Aka kira Legas, aka buɗe wa waɗannan abubuwa gurbi, washegari ya karɓi wayar.

Daura aka fara, saboda ita ce ƙarama kuma akwai ɗan motsi na manoman rani. Mako shida ana rubutawa a littafi ana kuma shigarwa a waya, kowace Asabar a gwada su. Lokacin ya faɗa cikin ƙarancin takardun kuɗi na Fabrairun 2023, da kowa ya koma tiransifa, kuɗi ya fita daga asusun mai saye ya kwana biyu bai iso ba. Aka ƙara wani gurbi na kuɗin da aka turo amma alat bai shigo ba. Funtua ta biyo baya, Katsina ta zo ƙarshe a Maris.

Damina 2023 da abin da ya biyo ta

An shiga damina da sabon tsari a rassa uku. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayu ya sa kunna janareta don kwamfuta ɗaya ya zama asara, aka sa ƙaramin sola da inbata a kowane reshe, abin da zai riƙe rawuta (na'urar raba intanet) da firinta da cajin waya. Kowace rawuta da layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Ta Funtua sai da aka rataye ta a taga, domin rufin kwanon sito yana kashe sabis. Doka ɗaya aka kafa wadda ba sassauci: manaja ba ya rufe kanti sai alamar turawa ta zama koriya, in kuma ta ƙi, ya kira ya faɗa.

Wani kuskure ya ci gaba da cin kuɗi a ɓoye. An bar tsohuwar kwamfutar Turai a kunne, wai don a riƙa duba lissafin shekarun baya, ana ta biyan dala 90. Bayan da Babban Banki ya saki farashin naira a Yunin 2023 dala ta yi ta hawa, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Hayar da aka fara biya a kan kusan naira 46,000 ta wuce 135,000, ga shi a wata bai fi sau biyu ake buɗe ta ba. Ni na tsinto wannan a binciken ƙarshen shekara, kuma ya kamata in gan shi tun da wuri. A Fabrairun 2024 aka sauke tsohon lissafin a kwamfutar tafi-da-gidanka da ma'adana biyu, aka rufe asusun.

14 ga Maris 2024: ranar gwaji

Ranar Alhamis, huɗu ga azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. A ranar aka gane cewa kamfanin na Legas shi ma haya yake a Turai. Tura ciniki zuwa gajimare ya tsaya.

Ciniki bai tsaya ba. Rassan uku sun sayar, sun buga rasit, sun duba bashi daga abin da ke cikin wayoyinsu. Zuwa Asabar komai ya haɗu. Ɓaraka ɗaya aka samu: buhu 40 na yuriya da suka rage a siton Katsina, Katsina ta sayar da su, Daura ma ta karɓi kuɗinsu daga wani dila, kowa yana ganin suna nan. Aka nemo wa na Daura a wurin maƙwabci da ɗan ƙarin farashi, kamfani ya ɗauki bambancin. Daga nan aka ce duk ranar da alama ba koriya ba ce, ba a sayar da kayan wani reshe sai an buga waya.

A watan Afrilu aka gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba: aka sauke kwafin komai, aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta kan intanet, a ga ko za a iya tashi da shi in kamfanin Legas ya rufe. Adadin bashi ya fito, amma bayanan da manajoji ke rubutawa a gefe, wanda ya tsaya wa wane, ranar da aka yi alkawarin biya, ba su fito ba. Wata biyu ana bin su kafin su gyara. Yanzu ranar ɗaya ga kowane wata ana sauke kwafi a kai gidan Alhaji.

Inda ake a ƙarshen daminar 2025

Kuɗin da ake kashewa ya fi na kafin 2021. Kamfanin manhaja ya ƙara farashi sau biyu, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. A ɗaya ɓangaren, binciken ƙarshen shekara da nake yi a mako biyar ya dawo kwana tara. A kakar 2024 diloli biyu ne kawai suka yi jayayya a kan bashi, duka kuma an warware a zama ɗaya, domin kowane biya yana ɗauke da rana da sunan wanda ya karɓa. Juya kaya daga Funtua zuwa Daura ana yanke shi ne da dare a kan waya, ba sai an jira mako ba. Manajan Funtua har yanzu yana riƙe da littafinsa, kuma ba wanda ya ce ya ajiye.

Abin da na gani

A ganina yunƙurin farko ya faɗi ne domin ya amsa tambaya ɗaya tak, ta gobara da tsawa, ya kuma ɗauka cewa sabis da dala abubuwa ne da kullum suna nan. A jihar da aka taɓa rufe layuka wata uku, a ƙasar da farashin dala ya ninka sau uku cikin shekara uku, wannan zato ba ya riƙe kasuwa. Ban ga laifin matashin ba. An ba shi mako guda, ba wanda ya zauna da shi ya gaya masa yadda bashi ke tafiya, mu manya kuma ba mu tambayi sunan wa ke kan asusun ba.

Na biyu ya tsaya ne saboda mutanen da ke riƙe da biro su suka faɗi sharuɗɗa, manajan Funtua da dattijon sito, aka kuma saurare su kafin a biya ko kwabo. Mako biyar na wanke sunaye da awo sun fi manhajar kanta amfani. Da an yi su a kan tsohuwar kwamfuta ma da an rage rabin rigimar.

Abin da bai kwanta mini ba har yanzu shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsu da kamfanin Legas. Ba ta faɗi kwana nawa za a ba su su kwashe bayanansu in an rabu ba, ba ta kuma faɗi a wace ƙasa ake ajiye sunayen mutum 870 da bashinsu ba. A Janairu za a sabunta ta. Na rubuta wa Alhaji sakin layi biyu da nake so a ƙara, na kuma roƙe shi kada ya tura kuɗin shekara sai an sa musu hannu.